Kula da Gurbin Haƙori

Yaro ƙarami yana da haƙora 20, su ne waɗanda kan zube lokacin famfara. Babban mutum kuwa yana da 32. Huɗu daga cikinsu suna can ƙuryar baki, biyu a sama, biyu a ƙasa. Su ne auta cikin haƙora, domin galibi ba su fitowa sai mutum yana tsakanin shekara 17 da 25. Saboda haka Turawa suke ce da su haƙoran hankali.

Wani lokaci haƙorin ƙurya yakan rasa wurin tsayawa, sai ya fito a karkace, ko ya maƙale cikin dasashi. Abinci ya riƙa taruwa a gefensa, wurin ya kumbura, mutum ya kasa barci. In abin ya yi tsanani, sai likitan haƙori ya kashe zafin wurin da allura, ya cire shi.

To, mutane da yawa suna tsammani da an cire haƙori magana ta ƙare. A ganina wannan kuskure ne babba. Cirewa aikin likita ne, amma warkewa tana hannun mai baki. Kuma mafi girman abin da zai yi wa kansa shi ne ya ƙyale wurin ya huta.

Ga dalili. In an cire haƙori, rami yakan saura, a ƙarƙashinsa kuwa akwai ƙashi da jijiya. Jini yakan cika ramin ya daskare, ya zama guda. Wannan gudan jini shi ne murfin ciwon, a ƙarƙashinsa sabon nama yake tofowa. Kun san in an yi sabon daɓe a ɗaki ba a barin kowa ya taka sai ya bushe. Haka gudan jinin nan yake. In ya fita tun wurin bai haɗe ba, ƙashi ya zauna a buɗe, iska da abinci suna taɓa shi. Bayan kwana biyu zuwa huɗu sai zogi ya taso har cikin kunne, baki ya yi wari. Sau da yawa wannan azaba ta fi ciwon haƙorin na fari.

Saboda haka ranar farko ita ce ta taka tsantsan. Likita zai sa auduga mai tsabta a wurin, a cije ta kamar rabin sa'a, don jini ya tsaya. Kada a kurkure baki a wannan rana, kada a yi ta tofar da yawu da ƙarfi, kada a zuƙi abin sha da bututu. Kada a sha abu mai zafi ƙwarai, kada a yi gudu ko aikin ƙarfi. In za a kwanta a ɗaga kai da matashi. Mai shan taba ya ajiye ta, gama zuƙar hayaƙi tana fizge gudan jinin, tana kuma hana ciwo warkewa da wuri. Harshe ma sai an kwaɓe shi, don shi ba ya ganin sabon wuri a baki ya ƙyale.

Wani zai ce, ashe ba an koya mana tsabta ba? Ina amfanin barin jini a baki? Gaskiya ne tsabta wajibi ce, amma kome da lokacinsa, kuma sauri ya haifi nawa. In kwana ɗaya ya cika, sai a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwa mai ɗumi, a guntsa, a juya kai a hankali, a bar ruwan ya zubo da kansa. A yi haka bayan kowane cin abinci har mako guda. Sauran haƙora a goge su da buroshi ko asuwaki, amma a kauce wa ramin.

Wajen abinci, a nemi mai laushi: koko ko kunu wanda ya huce, fura da nono, ayaba, dafaffen ƙwai. A tauna ta ɗaya gefen. Goro, da gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da aya, da kilishi, da rake, da yaji, duk su jira tukuna.

Kunci yakan kumbura, ya fi yawa a rana ta biyu da ta uku, sa'an nan ya soma sacewa. Wannan ba abin tsoro ba ne. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma mai tsabta a ɗora a kunci. A sha maganin da likita ya bayar yadda ya faɗa. Kada a cusa kanwa, ko garin taba, ko toka cikin ramin don wani ya ce magani ne. Amma in jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya zo, ko ruwan mugunya ya fito, ko kumburi ya hana haɗiya, ko zogi yana ƙaruwa maimakon raguwa, to, a koma asibiti nan da nan.

Ku yara, haƙoranku na ƙurya ba su fito ba tukuna, amma kuna da yayye da iyaye. In an cire wa ɗayansu haƙori, ku ɗebe masa aiki, ku kawo masa ruwan gishiri, ku tuna masa abin da kuka karanta. Cikin mako biyu galibi dasashi ya soma rufewa. Haƙurin 'yan kwanaki ya fi jinyar makonni.

Tambayoyi

1. Haƙora nawa babban mutum yake da su?
2. Mene ne amfanin gudan jinin da ke cikin gurbin haƙori?
3. Don me ba a kurkure baki a ranar farko?
4. Faɗi abinci uku da za a ci, da uku da za a bari.
5. Yaushe ya kamata a koma wurin likita?