Mu Raba Taki da Leda Tun Daga Gida

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, a Jiratawa kowa ya san darajar juji. Kafin damina ta faɗi, mukan loda shi a amalanke mu kai gona. Haka iyayenmu suka yi, kuma sun ci amfaninsa. Sai dai jujin da suka sani ba shi ne na yau ba. Nasu toka ne da ƙaiƙayi da kashin awaki da ɓawon gujiya. Duk suna ruɓewa su zama taki. Namu kuwa cike yake da leda da gwangwani da fasassun kwalabe da matattun batura.

Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. In ta shiga ƙasa, takan tare saiwa, ta hana ruwa ratsawa. In akuya ta haɗiye ta, sai ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu. In iska ta kwashe ta, sai ta toshe magudanan da ke shayar da zogalenmu da sauran kayan rani. Gwangwani kuma yakan tara ruwa, sauro ya yi ƙwai a ciki.

Bolar da ke bakin hanya ita ma ba a banza take ba. Nan yara ke bahaya, nan ƙudaje ke tashi su sauka kan tuwo. Ruwan sama ya wanke ƙazantar zuwa rijiya da Gulbin Maradi. Ta irin wannan hanya amai da gudawa ke yaɗuwa. Ba mu manta da 2018 ba, shekarar da cutar ta ɓarke a yankinmu na Madarunfa, ta yi kisa.

A 2014 hukumar Nijar ta kafa dokar hana shigo da leda maras kauri da sayar da ita. Amma doka ba ta shiga tsakar gida ta yi shara. Mu ne muke share gida tas, mu watsa sharar bayan danga, mu ce waje na magajin gari ne. Wasu maza kuma suna cewa shara aikin mata ne. To, in tunkiya ta mutu ko yaro ya kwanta, asarar ta gidan duka ce.

Ga abin da muke ganin ya dace. Maigida ya haƙa rami nesa da rijiya. A riƙa zuba duk abin da ke ruɓewa, tare da kashin dabbobi da toka. A yayyafa ruwa, a juya shi bayan kowane mako 2. Cikin wata 3 taki ya nuna. Leda da kwalba da batura a ware su cikin tsohon buhu, kada su je gona. Kada a hura wutar girki da leda, hayaƙinta na cutar da ƙirji. Mai zuwa kasuwa ya riƙe kwando ko ƙwarya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu zauna da masu unguwanni, mu tsai da wuri guda na tara sharar da ba ta ruɓewa, mu sa ranar gayya. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.