Filin Uwargida: Naɗin Wake Ba Nama

Idan nama ya yi tsada a kasuwar Bawku, ai wake da albasar Binduri suna nan. Mutanen Meksiko kan naɗe wake cikin gurasa mai faɗi, su kira shi burito. Ga yadda za ki yi naki.

Ki kwaɓa fulawa gwangwani 2 da gishiri, man gyaɗa cokali 2 da ruwan ɗumi. Bayan minti 20 ki cura ƙanana, ki murza da kwalba, ki gasa a busasshen kasko. Ki soya dafaffen wake da albasa, tumatir da tattasai har ruwan ya tsotse, don kada gurasar ta yage. Ki zuba, ki naɗe kamar tabarma.

Guda ɗaya zai riƙe ɗan makaranta har azahar. Sai wata mai zuwa.