Ra'ayinmu: A Yi Hattara Da Hoton Zafin Jiki

Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mata wajen miliyan 2.3 aka samu da sankarar mama a duniya baki ɗaya, kuma mutum 670,000 cutar ta yi ajalinsu. A Nijeriya kaɗai an ƙiyasta sababbin masu cutar kamar 32,000 a wannan shekara, waɗanda suka rasu kuwa kamar 16,000. Watau ke nan duk mata biyun da aka samu da cutar, ana binne mace ɗaya a dalilinta. Likitocinmu sun daɗe suna faɗin dalili: mafi yawan matanmu ba su isa asibiti sai cuta ta ci ƙarfinsu, ƙari ya girma ya fashe, ko ya riga ya watsu zuwa huhu da ƙashi. A ƙasashen da ake gano cutar da wuri, fiye da mata 90 cikin 100 suna nan da ransu bayan shekara biyar da ganowa.

A cikin wannan hali ne tallan wata na'ura ya shigo wayoyin jama'a, yana yawo daga hannu zuwa hannu. Turawa suna kiran aikinta tamogirafi, watau ɗaukar hoton zafin jiki. Masu tallanta suna cewa ba ta matse mama, ba ta harba wani haske cikin jiki, ba sai an taɓa mace ba, kuma wai tana hango sankara shekaru da dama kafin na'urorin asibiti su gan ta. Wasunsu ma har suna ƙarawa da cewa hoto ɗaya daga kai zuwa ƙafa ya isa ya bayyana lafiyar hanta, da ƙoda, da zuciya. Magana ce mai daɗin ji, musamman ga mace mai kunya da mai jin tsoron asibiti. Amma a ganinmu wajibi ne a auna ta da ma'aunin ilmi kafin wata ta ɗora rayuwarta a kai.

Yadda na'urar ke aiki ba wani asiri ba ne. Kowane jiki mai ɗumi yana fitar da wani irin haske wanda idon ɗan Adam ba ya gani, wanda masanin taurari William Herschel ya gano tun shekarar 1800. Kyamarar tamogirafi takan kama wannan haske daga saman fata, ta mayar da shi launuka, wuri mai zafi ya fito ja, mai sanyi ya fito shuɗi. Hujjar masu ita ita ce ƙarin sankara yakan jawo jini da yawa domin ya ci ya girma, saboda haka fatar da ke samansa takan ɗan fi ta kewaye ɗumi. Akwai ƙanshin gaskiya a nan. Sai dai kyamarar fata kawai take aunawa, ba ta ganin abin da ke ƙarƙashi. Ƙurji, da kumburi, da jinin al'ada, da shayarwa, da tafiya cikin rana, duk suna iya ɗumama fata. Ƙaramin ƙari kuwa da ke can cikin tsoka, wanda shi ne ake fatan a kama da wuri, yana iya zama bai sauya zafin fata ko kaɗan ba.

Hasali ma wannan dabara ba sabuwa ba ce, an gwada ta tuntuni. Wani likitan fiɗa na ƙasar Kanada mai suna Ray Lawson shi ne ya ba da labari a shekarar 1956 cewa fatar da ke saman ƙarin mama takan fi zafi, likitoci kuma suka ɗora mata buri mai yawa. A shekarar 1973 aka buɗe wani gagarumin shiri a Amurka inda aka duba mata kamar 280,000 a cibiyoyi 29, aka haɗa hanyoyi uku: dubawar likita da hannu, da hoton mama na eksire wanda ake kira mamogiram, da kuma hoton zafin jiki. Zuwa shekarar 1977 sai kwamitin masana da ya duba sakamakon ya ba da shawara a janye hoton zafin jiki daga shirin. A wannan shekarar kuma aka buga wani bincike a kan gwaje-gwaje 16,000 wanda ya nuna mamogiram ya kama kashi 78 cikin 100 na masu sankara, hoton zafin jiki kuwa kashi 39 kaɗai. Ma'ana, cikin mata goma masu cutar, shida za a sallame su a ce lafiyarsu lau.

An sami ci gaba wajen ƙera kyamarori tun daga wancan zamani, amma hukuncin hukumomi bai sauya ba. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta yarda a shekarar 1982 a yi amfani da na'urar a matsayin 'yar rakiya kawai, tare da gwaji na ainihi. A shekarar 2011, sa'an nan kuma a 2019, ta fitar da gargaɗi cewa kada a sa tamogirafi a madadin mamogiram, domin babu tabbatacciyar shaida ta ilmi cewa yana iya gano sankara shi kaɗai. Ma'aikatar Lafiya ta Kanada, ƙasar da aka faro abin, ta sanar a shekarar 2012 cewa ba ta ba kowace irin na'urar tamogirafi izinin binciken sankarar mama ba. In waɗanda suka ƙera kaya sun ƙi dogara da shi, bai dace mu mu karɓe shi ido rufe ba.

Illar abin ta fuska biyu ce. Ta farko, mace mai lafiya a nuna mata jan launi a ƙirjinta, hankalinta ya tashi, iyali su shiga kashe kuɗi a kan cutar da babu ita. Ta biyu ta fi muni, ita ce mai ƙari a mama a nuna mata hoto mai kyau, ta koma gida da kwanciyar hankali, ta yi wata shida ko shekara guda ba ta sake waiwayar asibiti ba. Sankara kuwa ba ta jiran kowa. Watannin nan da aka ɓata su ne bambanci tsakanin ƙaramin aikin fiɗa da jinyar da ke cinye gona da gida, a ƙarshe kuma a rasa mai jinyar.

Batun duba lafiyar jiki gaba ɗaya da hoto guda ma haka yake. Zafin fata ba ya faɗin hawan jini, ba ya faɗin yawan sukari a jini, ba ya kuma nuna halin da ƙoda ko hanta take ciki. Waɗannan kowanne da gwajinsa, kuma yawancinsu ana yin su da araha a asibitocin gwamnati. Irin wannan romon baka ɗaya yake da na masu yawo ofis-ofis da 'yar kwamfuta, su sa mutum ya riƙe wani ƙarfe, su karanto masa cututtuka goma, sa'an nan su buɗe jaka su sayar masa da maganinsu. Ba mu ce kyamarar zafi ba ta da amfani ba. Injiniyoyi suna gano wayar lantarki mai shirin kamawa da wuta da ita, 'yan kwana-kwana suna neman mutane cikin hayaƙi da ita, an kuma kafa ta a filayen jiragen sama don tsamo masu zazzaɓi lokacin Ibola a 2014 da korona a 2020. Kowane makami da aikinsa.

Mun san akwai masu cewa tun da na'urar mamogiram ba ta wadata a jihohinmu ba, ai gara hoton zafin jiki da babu. Muna ganin uzurinsu, gama wanda ya faɗa ruwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Macen da ba a gwada ta ba ta san ba a gwada ta ba, in ta ji ƙullutu za ta nemi likita. Wadda aka ba takardar ƙarya kuwa an rufe mata ido. Gaskiya ne a ƙasar Indiya ana gwada haɗa kyamarar zafi da kwamfuta mai nazarin hotuna, da fatan a sami hanya mai sauƙi ga ƙauyuka. Muna yi wa wannan bincike fatan nasara. Sai dai mazauninsa asibitin koyarwa, ƙarƙashin idon masana, kuma da sanin matan da ake gwadawa cewa gwaji ne. Game da tsoron hasken eksire kuma, abin da mace ke samu a mamogiram ɗaya bai wuce abin da jikinta ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kamar mako bakwai ba.

Hanyar da aka tabbatar a bayyane take. Mace ta san yadda mamanta yake, domin ta lura da duk wani sauyi: ƙullutu a mama ko a hammata, lotsawar fata, shigewar kan mama ciki, fitar jini ko wani ruwa, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Kada ta jira sai ya yi ciwo, gama sau da yawa ƙarin sankara ba ya ciwo da farko. Daga nan sai likita ko ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya ta duba da hannu, a yi sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu, wanda ya fi dacewa da mata masu ƙuruciya, ko a yi mamogiram. In an ga abin tuhuma sai a tsakuro ɗan nama da allura a duba da madubin likita, wannan kaɗai ke yanke hukunci. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma ba a sanin haka sai an duba. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 da zuwan mace asibiti, kuma kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen maganinsu.

Saboda haka muna kira ga Hukumar NAFDAC, wadda rajistar kayan aikin asibiti ke hannunta, da ta bayyana wa jama'a matsayinta a kan wannan na'ura dalla-dalla, da Hausa da sauran harsunanmu. Hukumar da ke sa ido a kan tallace-tallace da Majalisar Likitoci ta Nijeriya su hukunta duk wanda ya yi talla cewa hoton zafin jiki ya wadatar. Gwamnatocin jihohi kuma su sani hani kaɗai ba zai isa ba, domin rashin na ƙwarai ne ke buɗe wa na banza kasuwa. Ya kamata kowane babban asibitin jiha ya sami na'urar mamogiram mai aiki da mai gyaranta, a horar da ungozoma da ma'aikatan jinya mata a ƙananan hukumomi su iya duba mama, a kuma shimfiɗa hanya sananniya ta tura majinyata zuwa asibitocin koyarwa kamar na Zariya, da Kano, da Sakkwato, da Maiduguri. Dokar inshorar lafiya ta shekarar 2022 ita ma a yi aiki da ita yadda kuɗin gwaji ba zai mayar da mace gida ba.

Ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, ku ne ake kawo wa takarda a gida a ce ku karanta, ku ne kuma ake tambaya ko abin da aka gani a waya gaskiya ne. Nauyi ne a wuyanku ku bincika kafin ku yaɗa. Magidanci kuma kada ya hana matarsa zuwa asibiti don kunya ko ƙyashin kuɗin mota, domin abin da zai kashe daga baya ya ninka wannan sau da yawa. Duk wadda aka yi wa hoton zafin jiki aka ce ba ta da komai, alhali tana jin ƙullutu, ta je asibiti a cikin makon nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke wannan amana.