Hanjin Mai Cutar Ƙanjamau da Ruwan Sha a Ƙasar Ɗanbatta

A watan Janairu na 2025, sa'ad da gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da take bai wa ƙasashen waje, hankalin ma'aikatan lafiya na Nijeriya ya koma kan maganin ƙanjamau, ko zai yanke ko ba zai yanke ba. Lalle abin damuwa ne. Amma akwai wani sashe na jinyar da ba a cika zancensa ba, watau hanjin majinyaci.

A cikin hanjin kowane mutum akwai ɗimbin ƙwayoyin bakteriya masu taimakon narkar da abinci, kuma a bangonsa ne mafi yawan dakarun garkuwar jiki suke zaune. Tun makonnin farko ƙwayar HIV takan yi wa dakarun nan ɓarna. Bangon sai ya yi rauni, ɓurɓushin bakteriya ya riƙa tsallakawa cikin jini, kamar yadda wani bincike na Amurka ya nuna a 2006. Magani yakan danne ƙwayar cutar, amma sau da yawa hanjin ba ya komawa yadda yake, shi ya sa gudawar da mai lafiya zai shanye cikin kwana biyu takan kwantar da irin wannan majinyaci.

A nan batun ya shafi Ɗanbatta. Manomin da ya karɓo maganinsa a asibiti ya koma ƙauye yana shan ruwan buɗaɗɗiyar rijiya da damina, an yi masa rabin jinya ne kawai. Tafasa ruwa da shan Septrin bisa umurnin likita suna cikin jinyar. A gwajin da aka yi a Zambiya, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2004, maganin nan mai araha ya rage mutuwar yara masu cutar da kashi 43 cikin ɗari. Abin takaici, kasafin magani yana ma'aikatar lafiya, na rijiyar burtsatse yana wata ma'aikatar dabam.

Wasu sukan ce ai fura da nono sun isa gyaran ciki. Abinci ne mai gina jiki, babu musu, amma gwaje-gwajen da aka yi na bai wa majinyata bakteriya masu amfani ba su tabbatar da cewa suna farfaɗo da garkuwa ba. Nonon da ba a dafa madararsa ba kuwa yana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka ta shanu.