Gyaɗa Mai Funfuna Ba Ta Ƙuli-ƙuli Ba Ce

A cikin 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila. Masana suka bi diddigi, suka tarar tunkuzar gyaɗa ce mai funfuna da aka kai daga Barazil. Dafin suka sa masa suna aflatoxin. Hanta yake ci, ta dabba da ta mutum, suya kuwa ba ta kashe shi.

To, abin takaici, a ƙauyukan Bagwai manomi yakan tsince gyaɗa mai kyau ya kai kasuwa, ruɓaɓɓiyar ya bar wa matan gida su yi ƙuli-ƙuli. Watau ya sayar da lafiya, ya ajiye wa 'ya'yansa cuta.

Samaru tun 1922 take binciken noma, likitoci kuma sun daɗe da sanin wannan dafi. Amma sanin da ya tsaya a takarda bai tsare hantar yaro ba. Lalle ya kamata malamin gona, da na asibiti, da na firamare su faɗi magana ɗaya: a cire gyaɗa da zarar ta nuna, a shanya ta kan tabarma har ta yi ƙara cikin kwanso, a ajiye buhu bisa katako. Mai funfuna a binne ta, ko kaji kada a ba.