Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A birnin New Orleans da kewayensa, a jihar Louisiana ta ƙasar Amurka, akwai wasu ƙananan gidajen abinci da ake kira Bud's Broiler. Wani mutum mai suna Bud Saunders ne ya buɗe na farko a shekarar 1952. Abin da suka shahara da shi shi ne hambaga, wato niƙaƙƙen naman sa da ake dunƙulewa, a gasa, a sa a tsakiyar burodi. Yau shekara fiye da 70 ke nan ana gasa naman nan a kan gawayi. A ganina suna da darasi domin ɗalibanmu, musamman masu fita bana.

Bari mu kwatanta. A shekarar 1955, shekara uku bayan Bud's, Ray Kroc ya buɗe shagonsa na McDonald's na farko a jihar Illinois. Yanzu McDonald's yana da shaguna fiye da 40,000 a ƙasashe sama da 100. Shi kuwa Bud's 'yan rassa kaɗan ne, kuma bai bar yankinsa ba. In da yawa ake auna nasara, to, an bar shi a baya. Amma ni ban yarda wannan ne kaɗai ma'auni ba.

Gashin gawayi aiki ne mai wuya. Sai an hura wuta, a jira ta zama garwashi, a kuma tsaya a kanta, gama wani gefe yakan fi wani zafi. Kitse yana ɗiga a kan garwashin, hayaƙi ya tashi ya shiga naman. Daga nan ƙamshin yake fitowa, kamar yadda duk mai cin tsire ya sani. Farantin ƙarfe mai aiki da gas ko lantarki ya fi sauri, ya fi sauƙin koya wa sabon ma'aikaci, shi ya sa manyan kamfanoni da yawa suka zaɓe shi. Bud's ya riƙe hanya mai wuya, domin ita ce mutanensa suke zuwa nema.

A watan Agusta na 2005 guguwar Katrina ta auka wa New Orleans, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. Tsohon reshen Bud's da ke titin City Park ya zauna a rufe har 2009. Da aka sake buɗe shi, mutanen unguwa suka komo, gama a wurinsu alama ce cewa gari yana farfaɗowa. Irin wannan amana ba a sayenta da talla.

Wani zai ce, ai gawayi yana cin itatuwa, hayaƙinsa kuma yana damun mai gashi, yawan cin nama mai kitse ma ba alheri ba ne ga jiki. Gaskiya ne. Daɗewa kuma ba ta hana rufewa: reshen nan na City Park ya rufe a 2018, ko da yake wasu rassan sun ci gaba. Saboda haka ba cewa nake yi kowane tsohon abu mai kyau ne ba. Abin da nake cewa shi ne, mutum ya san abin da ya sa ake zuwa wurinsa, kada ya yar da shi don neman sauƙi.

Ya ku ɗalibai, ba dukanku ne za ku shugabanci manyan kamfanoni ba. Waɗansu za su zama malamai, waɗansu teloli, waɗansu manoma ko ma'aikatan jinya a ƙaramin gari. Kada ku raina wannan. Ku iya abu ɗaya sosai, ku yi shi da gaskiya yau da gobe, har jikokin masu zuwa wurinku su zo su same ku a kai.