Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Darasi Daga Masana'antar Mota ta Kaduna

A shekarun 1980, da wuya matafiyi ya tsaya a tashar Paki ko Tashar Yari bai ga Peugeot 504, wadda direbobi ke kira Fijo, tana lodin fasinja zuwa Zariya ko Kano ba. A Kakuri ta Kaduna ake harhaɗa ta, a kamfanin PAN wanda aka kafa a 1972, ya fara fitar da motoci a 1975. Amma akasarin sassanta daga Faransa suke zuwa, har akwai lokacin da ake ɗauko su ta jirgin sama daga Liyon zuwa Kano, sannan a kwashe su a manyan motoci zuwa Kaduna.

A nan gizo ke saƙar. Aikin injiniya matakai gare shi, kuma wanda ya tsallake na farko, na ƙarshe ba zai ɗore masa ba. Mota tana bukatar ƙarfe da wutar lantarki da ƙananan masana'antun da za su ƙera sassanta. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda aka ba da kwangilarta a 1979, ba a kammala ta ba. Saboda haka da kuɗin man fetur suka ja baya, darajar naira ta faɗi bayan 1986, sai sassan suka yi tsada, motocin kwance na Turai suka mamaye kasuwa. An sayar da hannun jarin gwamnati a 2006, hukumar AMCON ta karɓe kamfanin a 2012 saboda bashi.

Haka ma a fannin jiragen sama. An harhaɗa ƙananan jiragen horo na Air Beetle a Kaduna domin mayaƙan sama, amma injinansu daga Amurka aka sayo, kuma aikin bai haifi masana'anta mai ɗorewa ba.

Wasu kan ce ai da babu gara ba daɗi, tunda dubban ma'aikata sun ci abinci sun koyi sana'a. Gaskiya ne. Sai dai manomin rake na Makarfi ya san cewa ba a kafa injin mazarƙwaila kafin a tabbatar da gona. Tun da kamfanin Dangote Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kaduna a 2022, wajibi ne hukuma ta gindaya sharaɗi a rubuce: sassa nawa za a ƙera a gida, a wace shekara, kuma wa za a tuhuma in wa'adi ya wuce.